Giginyar da Na'Allah Bai Gani Ba

Talata, bayan la'asar

Sista Moji ce ta ce in riƙa rubutawa. Ta ce ba sai na nuna wa kowa ba, ko ita kanta. Na ce mata ni Malam Badamasi malamin firamare ne, alli da biro su ne aikina, amma ban taɓa zama na rubuta abin da ke cikina ba. Ta ce to, yau sai in fara.

Sunanta Mojisola. Bayarabiya ce, amma nan Bagudo aka haife ta, babanta tela ne a bakin kasuwa. Hausarta ta fi ta wasu 'yan ajina. Nas ce, an tura ta ta koyo aikin kula da masu damuwa. Ni ba wurinta na je ba. Zuciyata na kai asibiti. Likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce to mi ke sa ta bugu kamar za ta fasa ƙirji, hannuwana su mutu, in ji kamar an shaƙe ni? Sai ya ce in shiga ɗakin ƙarshe in ga Sista.

Ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce wata Alhamis. Ta ce mi ya faru ranar. Na ce ba komai.

Ba ta matsa ba. Ta ce in zauna sosai, in cire takalmi, in ɗora hannu a ciki, in ji yadda yake tashi yana sauka. "Kada ka gyara numfashin, Malam. Ka lura da shi kawai. In tunani ya ja ka, ka dawo." Ni mai furfura a gemu, na baro ƙauyenmu na ƙasar Kaoje a kan babur cikin wannan zafin, wai don a koya mini numfashi. Saura kaɗan in yi dariya. Na nemi ƙwayar magani, ta ce likita bai ga bukata ba tukuna. Ta ce in dawo Talata mai zuwa.

Laraba, da safe

Na gwada bayan sallar asuba. Ciki ya tashi, ya sauka, ya tashi. Kafin in ankara ina ƙarƙashin durumin nan, dattawa na zaune a kan tabarmi, shi kuma yana tsaye yana kallon ƙasa. Na dawo. Ya sake ja na. Na tashi na bar tabarmar.

Shafa'atu ta ce, "Malam, mi likita ya ce?" Na ce gajiya ce. Shekarunmu da aure sun fi ashirin, ta san ƙarya nake. Ta ɗauke kwanon koko ta fita.

Alhamis, bayan an tashi makaranta

Abin ya zo mini a aji. Ina rubuta darasi a allo, sai na ji ƙarar a-kori-kura ta wuce bayan katanga. Na san ƙarar wannan injin kamar yadda na san tarin matata. Alli ya faɗi. Na ce wa yara su kwafe abin da ke allo, na fita na jingina da darbejiya har abin ya lafa.

Ba motarsa ba ce ma.

Juma'a, da yamma

Tun muna samari ni da shi sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kusa da tagar gabas. Yau na shiga ta ƙofar baya, na zauna can ƙarshe wurin takalma. Na hango ƙeyarsa. Ya bar gurbi a gefensa har aka ta da iƙama, sannan wani ya cike.

Huɗuba kam ban ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan an watse na tsaya wurin liman. Na ce akwai wata nas, ba Musulma ba ce, ta ce in riƙa zama ina lura da numfashina, ko akwai laifi. Ya ce ta ce ka kira sunan wani? Na ce a'a. Ta ce ka bar addu'a? Na ce a'a, ita ma ta ce in ci gaba da addu'ata. Ya ce, "To numfashin naka ne, Wanda ya ba ka shi kuma ka san Shi. Lura da kayanka." Ya riƙe hannuna ya ɗan jima bai saki ba. Shi ma yana ƙarƙashin durumin ranar.

Asabar, a gona, da hantsi

Shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka a ɓangaren ƙasa ba. Ambaliyar bara ta bar laka mai kyau a nan, baƙa, mai maiƙo. Na ta da injin ban-ruwa, na zauna a kan kunya ina kallo.

Bari in rubuta, tunda an ce in rubuta.

Gonar babana ce. Ta taso daga tudu ta gangaro har bakin ruwa. A can ƙasa akwai wata giginya, ita ce iyakarmu da gonar Alhaji Namadi, mai fataucin shinkafa. Ambaliya ta tumɓuke giginyar ta tafi da ita, ta shafe kunyoyin duka. Da ruwa ya janye na shuka inda muke shukawa tun ina yaro. Sai Alhaji ya kai ƙara gaban dattawan ƙauye, ya ce giginyar can sama take, duk ɓangaren da ke kusa da ruwa nasa ne. Takarda babu, ba mu taɓa yin ta ba. Tsofaffin da suka san wurin sun rasu. Aka ce kowa ya kawo shaida.

Ban damu ba. Wallahi ranar ko gabana bai faɗi ba. Har na yi wa Shafa'atu wasa kafin in fita, na ce ta ɗora mini ruwan shayi yanzu zan dawo.

Dattawa sun ce in girbe abin da na shuka, bayan girbi wurin ya koma hannun Alhaji.

Yau iya nan zan iya.

Lahadi, bayan azahar

Ban yi zaman numfashin ba yau. Ba na so.

Talata, bayan la'asar

Na gaya wa Sista maganar gona. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya yi maka shaida?"

Ta ce kada in ba ta amsa tukuna, in gaya mata ina nake jin abin a jikina. Na ce wace irin tambaya ce wagga. Ta ce in duba dai. Na duba. Yana nan ƙarƙashin haƙarƙari na hagu, da zafi, kamar an ajiye gawayi. Yana kuma muƙamuƙina. Ashe tun da na shigo haƙorana a cije suke ban sani ba.

Ta ce in bar shi a wurin, kada in kore shi, in yi numfashi kusa da shi. Fankar ɗakin na juyawa a hankali, wata mata na kiran sunan ɗanta a waje. Sai na ji bakina ya ce, "Na'Allah."

Tun ranar ban furta sunan ba.

Na'Allah abokina ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, ɗaki ɗaya muka yi jinya. Shi ne babban abokin ango a aurena. Da babana ya rasu shi ya shiga kabari tare da ni muka karɓe shi. Giginyar nan kuwa, a ƙarƙashinta muka koyi fasa ƙwallo da dutse, daga kanta ya faɗo ya karya hannu, ni na goyo shi har gida. Har yau hannun bai miƙe daidai ba.

Da aka kira shi ya miƙe. Babban dattijo ya ce, "Na'Allah, kai ka san wurin nan. Ina giginyar take?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin giginya can ƙasa ba. Wadda na sani can sama take."

Da karyayyen hannun nasa ya nuna.

Na yi kuka gaban 'yar mutane. Ta miƙo mini ruwa a kofi, ta juya tana gyara wasu kaya a kan tebur har na gama. Da zan fita ta ce aikin wannan makon shi ne alwala. Ta ce ita ba ta san hukuncinta ba, amma ta ga ina yin ta sau da yawa a rana, to in riƙa kasancewa a wurin in ina yi. In ji sanyin ruwan a hannu, a fuska, a bayan kunne.

Laraba, bayan azahar

Ruwan butar da ɗumi, ta sha rana. Shekara nawa ina alwala ban taɓa lura cewa ruwa na bin gwiwar hannu ya ɗiga a babban yatsan ƙafata ba.

Da na idar da salla abin ya dawo yadda yake.

Alhamis, da yamma

Sista ta ce in tunani ya zo in kira shi da sunansa, in bar shi ya wuce. Na kira su yau a hanyar gona. Wannan zagi ne. Wannan jawabin da ya kamata in yi gaban dattawa ne. Wannan zagi ne kuma. Wannan tambaya ce.

Tambayar ce ba ta wucewa. Don mi?

Asabar, da hantsi

Wai an fara cewa ina zuwa ɗakin masu taɓin hankali a Bagudo. Goggo, ƙanwar babana, ta zo takanas da sandarta. Ta ce, "Badamasi, an ƙwace maka gona, kada ka bari a ƙwace maka mutunci. Mi kake nema wurin Bayarabiya?" Na ce barci nake nema, Goggo. Ta dube ni ta ce, "Ka rame." Ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro, kamar ina yaro.

Wa ya ga na shiga ɗakin? Yanzu kowa na gani sai in ce shi ne.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta.

Na dawo daga makaranta na tarar da Rabi, matar Na'Allah, tana fitowa daga gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta ja. Na amsa. Da na shiga na ce wa Shafa'atu mi ya kawo ta. Ta ce zumunci. Na ce wane zumunci ya rage. Sai ta fashe da kuka, ta ce akwai abin da ba ta gaya mini ba.

Kafin zaman dattawa an tsare Abbas, babban ɗan Na'Allah, a can ƙetaren iyaka wajen Segbana, shi da babur da kayan da ya ɗauko. Na ji labarin a lokacin, na kuma ji an sako shi, har na je barka. Abin da ban sani ba, Alhaji Namadi ne ya tafi da kansa ya yi magana da mutanensa na can aka sako yaron. Ana gobe zama Rabi ta zo ta gaya wa Shafa'atu cewa Alhaji ya kira mijinta, kuma tun da ya dawo bai ci abinci ba. Ta ce, "Ki gaya wa Malam ya nemi wani shaida."

Ba ta gaya mini ba.

Na ce don mi. Ta ce ba ta yarda zai iya ba. Ta ce ta ji tsoron in je in same shi mu yi abin da ba shi da kyau. Ta ce, "Na ce Na'Allah ne hwa, Malam. Na'Allah ne."

Ta bar ni na fita ina mata wasan ruwan shayi.

Akwai wani tsohon masunci a Kurgu da ya san bakin ruwan nan. Da na ji, da na tafi na ɗauko shi ko a bayana ne. Yanzu an yanke, dattawa ba su zama sau biyu a kan magana ɗaya sai in shaida ya janye da bakinsa.

Na ɗauki tabarmata na koma zaure.

Talata, da safe

Ba zan je Bagudo ba. Numfashi ba ya maido da gona.

Laraba, bayan magariba

Ta kawo tuwo ta ajiye bakin zaure. Na ci. Ban yi magana ba.

Alhamis, bayan magariba

Haka.

Juma'a, da yamma

Su nawa suka sani? Rabi ta sani. Shafa'atu ta sani. Wataƙila rabin waɗanda ke ƙarƙashin durumin sun sani. Ni kaɗai na zo da farar riga da murmushi, ina gaisawa da kowa. Har shi na miƙa wa hannu, na ce, "Aboki, yau sai kai." Ya karɓi hannun.

Ya karɓa.

Asabar, bayan la'asar

Na je Tsamiya neman bel ɗin injin ban-ruwa, nawa ya tsinke. Kasuwar cike take da mutanen ƙetare, ana ta Dendi da Faransanci, manyan motoci sun yi layi suna jiran a buɗe musu hanya. Na sayi bel, na sayi sabon ƙarfen ta da inji tunda nawa ya lanƙwashe.

Ina fitowa na gan shi. Yana bayan a-kori-kurarsa yana ɗaure buhunan Alhaji da igiya, ya ba ni baya.

Ban san lokacin da na tsallake titi ba. Abin da na sani, ina tsaye bayansa, ƙarfen na hannuna na dama, kunnuwana sun toshe, kasuwar duk ta yi shiru. Ina ganin jijiyar wuyansa. Ina ganin zufa na bin ta.

Ban yi tunanin Sista ba, ban yi tunanin kowa ba. Haƙorana na ji a cije, kamar ranar a ɗakinta. Daga nan na ji ƙarfen, ya sha rana, yana ƙona mini tafin hannu. Na ji tsakuwa a cikin takalmina na hagu. Na ji iska ta shiga hancina da warin fetur da soyayyen kifi. Ta fita. Ta sake shiga. Ƙarar kasuwa ta dawo kaɗan kaɗan. Na ce a raina, wannan fushi ne. Wannan fushi ne, kuma hannun nawa ne.

Na juya. Bai ma san na zo ba.

Na hau babur na kama hanyar gida. Na tsaya gefen hanya wajen wata rugar Fulani na yi amai. Wata tsohuwa ta ba ni ruwa a ƙwarya, tana ta ce mini sannu da Fulatanci.

Da na buga masa, da yanzu ina ina? Da Rabi na ina? Innalillahi.

Lahadi, da hantsi

Shafa'atu ta ce tsoro ta ji kada in yi abin da ba shi da kyau. Jiya na ga abin da ta hango.

Wannan bai sa ta yi daidai ba. Ina rubuta duka biyun.

Talata, bayan la'asar

Na koma. Na yi zaton za ta yi faɗa don ban zo wancan makon ba. Ta ce kawai, "Sannu da zuwa, Malam. Na ji daɗi da ka dawo."

Na gaya mata komai, har ƙarfen. Fuskarta ta canza. Ta tambaye ni kai tsaye ko har yanzu ina da niyyar cutar da shi, ko cutar da kaina. Na ce a'a. Ta sake tambaya ta wata hanyar. Na ce a'a, na tsorata da kaina ne. Ta ce dole ta gaya wa likita, kuma in abin ya sake zuwa haka kada in jira Talata, in zo ko in kira. Ta ce in nemi mutum ɗaya a gida da zan gaya wa in na ji yana tasowa. Na ce mutum biyu nake da su a duniya, kin ji abin da suka yi.

Ta ce, "Ɗaya ya yi maka ƙarya gaban jama'a. Ɗaya ta ɓoye maka magana don tana tsoro. Jikinka na jin su iri ɗaya yanzu, na sani. Ka zauna da kowanne daban ka gani."

Na ce mata gaskiyata. Na ce wannan abin naku ba don a lallashi wanda aka zalunta ba ne, ya yi shiru, masu ƙarfi su ci gonarsu lafiya? Ta ce, "Ni ban ce ka yafe ba. Ban ce ka bar haƙƙinka ba. In kotu za ka je, je ka. Ina so dai in ka tashi yin abu, kai ne ka yi shi, ba wutar nan ta ƙarƙashin haƙarƙari ba."

Muka yi zama mai ɗan tsawo yau, daga tafin ƙafa har tsakar ka, ana tsayawa kowane wuri a ji mi ke nan. A kafaɗu na yi gyangyaɗi. Ta bar ni.

Laraba, bayan isha'i

Na mayar da tabarma ciki. Ban ce na huce ba. Na ce wa Shafa'atu, "In kin ga na cije haƙora, ki ce mini in sha ruwa." Ta ce to. Ta ce, "Malam, ka yi mini gafara." Na ce ban kai nan ba tukuna. Ta ce za ta jira.

Juma'a, da yamma

Na tambayi wani tsohon ɗalibina da ya karanci shari'a. Ya ce ba takarda, ga hukuncin dattawa, ga shaidar abokina a kaina, masuncin Kurgu kuma an ce ya fara ruɗewa. Ya ce zan iya gwadawa, amma kada in sa rai. Na gode masa.

Na yi barci bayan Juma'a har la'asar ta kusa wucewa. Rabona da haka tun kafin zaman.

Litinin, da safe

Shinkafa ta nuna. Duk ɓangaren ƙasa ya zama ruwan zinariya, tsuntsaye sun fara damu. Na gaya wa masu yanka su zo Asabar.

Asabar, bayan magariba

Mun fara tun da sassafe, ni da 'yan ƙwadago. Wajen hantsi na ɗaga kai na hango mutum can ƙarshen gona, bakin ruwa, ya sunkuya yana yanka shi kaɗai. Daga yadda yake riƙe dami da hannun hagu na gane shi.

Ba wanda ya kira shi. Duk shekara yana zuwa girbina, ina zuwa nasa, amma bana ba wanda ya kira shi.

Wutar ta taso. Na ajiye laujena a ƙasa tukuna, da gangan, na taka shi da ƙafa. Na tsaya har na ji laka tsakanin yatsuna, na ji ƙaiƙayin shinkafa a damtsena. Sannan na tafi wurinsa hannu sake.

Ya rame fiye da ni. Ya miƙe, bai dube ni ba.

Na ce, "Mi ya kawo ka?"

Ya ce, "Girbi."

Na ce, "Girbin wa? Nan ai gonar Alhaji ce, in ji ka."

Sai ya nuna wani ɗan kwari kusa da ƙafarsa, inda ruwa ya kwanta. Ya ce, "Nan take, Bada. Nan giginyar take. Na sani, ka sani."

Na yi makonni ina jiran wannan maganar. Na zata in na ji ta wani abu zai sauka daga ƙirjina. Ba abin da ya sauka.

Na ce, "To tahi ka hwaɗa gaban dattawa. Sun ce in shaida ya janye za su sake zama."

Ya ce, "Ka san abin da ya yi wa Abbas. Yaron har yanzu hanyar nan yake bi. In na janye, wa zai tsaya mai gobe?"

Na ce, "Da ka zo ka gaya mini. Da ka ce, Bada, an riƙe ni ta wurin ɗana, ba ni iya yi maka shaida. Wallahi da na ce ka zauna gida. Da na nemi wani. Amma ka bari na kira sunanka gaban mutane, ka karɓi hannuna."

Ya ce, "Kunya ta hana ni."

Na ce, "Ba ta hana ka nunawa ba."

Hawaye na bin gemunsa. Na tsaya ina kallonsa, ina jin zuciyata na bugu, tana bugu amma ba ta gudu da ni ba. Na ga yaron da na goya daga wannan wurin yana ihu. Na ga mutumin da ya tsaya ƙarƙashin durumi. Duk shi ne. Na sake tambayarsa sau ɗaya, a hankali, ko zai je. Ya girgiza kai.

Na ce, "To ajiye yankan. Ba na so hannunka ya shiga wagga shinkafa."

Ya ajiye damin da ke hannunsa a kan kunya, ya gyara shi sosai kada ya jiƙe. Ya bi bakin ruwa ya tafi. Na koma na ɗauki laujena. Mun gama kafin la'asar.

Talata, bayan la'asar

Sista ta ce yaya zuciyar. Na ce tana ciwo, amma ta daina shaƙe ni. Ta ce daga yanzu sai bayan mako biyu-biyu, in ci gaba da zaman safe ko ranar da nake jin lafiya. Na kai mata 'yar shinkafa a leda. Ta ce ba a karɓa a wurin aiki. Na ce to babanki tela zan kai wa. Ta yi dariya ta kwatanta mini shagon.

Alhamis, bayan magariba

Yau yaran Alhaji suka kafa turakun iyaka. Na je na tsaya a nawa ɓangaren na ga an buga kowanne. Ɗayansu ya gaishe ni, na amsa. Abin da ya rage mini tudu ne, ruwa ba ya kai masa sai da dogon tiyo. Baɗi sai dai in gwada albasa.

Na dawo na tarar Shafa'atu ta dafa sabuwar shinkafa da miyar kifi. Ta zuba ta Goggo, ta zuba ta liman. Sai ta tsaya da wani kwano a hannu tana dubana.

Ta ce, "Gidan su Rabi hwa? Duk shekara ana kai musu ta fari."

Na ce, "Rabi ta taka ta zo har gidan nan don ta cece ni. Cika mata, ki sa kan kifin."

Ta cika. Ta rufe. Ta ce, "Shi hwa?"

Na ce, "Kwanon Rabi na ce."